Darasin Kwamfuta: Ƙure Gudun Kwamfuta, Riba Ce Ko Asara?

A wannan karo mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare da ke cikin ƙungiyar 'yan jarida ne aka ba shafin kimiyya. Darasin yana da ɗan tsawo, saboda haka muna roƙon na gaba su riƙa matsawa domin na baya su ma su karanta.

Abin da ya jawo wannan darasi

Kowa ya san halin ɗakin kwamfutarmu. Mu shida ne a kan kwamfuta ɗaya, darasi minti 40 ne, ita kuma sai ta cinye kusan minti huɗu kafin ta gama buɗewa. Wata ranar Laraba wani ɗan ajinmu ya ce ya ga bidiyo a wayar yayansa, inda wani mutum ya ƙara wa kwamfutarsa gudu ba tare da ya sayi komai ba. Lamba kawai ya canza a cikin BIOS. Nan take musu ya kaure. Wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce mu gwada yanzu yanzu kafin malam ya shigo.

Allah ya sa malam ya shigo da wuri. Da ya ji abin da muke shirin yi, sai ya ce: "Kada wanda ya taɓa mini BIOS. In ɗaya ta mutu, ku goma sha biyu za ku koma kan ɗaya. Ku je ku yi bincike, ku kawo mini a rubuce."

Maganar malam gaskiya ce. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yawancinmu a wannan ɗakin kaɗai muke samun damar taɓa madannai. Don haka muka karanta, muka tambayi malam, muka kuma je wajen wani mai gyaran kwamfuta da ke kusa da Kasuwar Monday a nan Kakuri. Ga abin da muka samo.

Sassa uku da za mu sani

Na farko shi ne furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ke yin duk lissafi. Ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, yana ɓoye a ƙarƙashin fanka.

Na biyu shi ne RAM. Ku ɗauke shi kamar teburin tela. Duk yadin da tela zai yanka sai ya shimfiɗa shi a tebur. In teburin ƙarami ne, dole ya yi ta naɗe wani yana ɗauko wani, aiki ya yi ta tsayawa. Da an kashe kwamfuta, duk abin da ke kan RAM ya tafi.

Na uku shi ne madabod, wato babban faifan nan da ake dasa furosesa da RAM da sauran kaya a kansa. Shi ke rarraba wuta, shi ke haɗa sassa su yi magana da juna. A cikinsa BIOS yake, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi kafin Windows.

Agogon da ba ya nuna lokaci

A cikin kowace kwamfuta akwai agogo, amma ba irin na bango ba. Ɗan dutse ne da ake kira kwaz, wanda ke karkarwa a tsare idan wuta ta ratsa shi. Daga wannan karkarwa ake samun bugu, kuma furosesa yana ɗaga ƙafa ne da kowane bugu. Waɗanda suka taɓa ganin gayya a ƙauye za su gane: makaɗi na kaɗa gangar noma, manoma na sara da fartanya daidai da kiɗan. In makaɗi ya ƙara sauri, su ma sai su ƙara.

Ana auna bugun da ma'aunin Hz, daga sunan wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Heinrich Hertz. Hz ɗaya bugu ɗaya ke nan a daƙiƙa. MHz ɗaya bugu miliyan ne a daƙiƙa, GHz ɗaya kuma bugu biliyan. Wutar lantarkin da ke shigowa gidajenmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz. Furosesa mai 3 GHz kuwa yana bugawa sau biliyan uku a daƙiƙa ɗaya.

Ba haka aka fara ba. A 1971 kamfanin Intel ya fitar da furosesa mai suna 4004, gudunsa 740 kHz, bai ma kai MHz ɗaya ba. A 1981 kwamfutar IBM PC ta fito da 4.77 MHz. Sai a watan Maris na 2000 kamfanin AMD ya fitar da Athlon mai 1 GHz.

To, ƙure gudu shi ne mutum ya tilasta wa furosesa ko RAM su bi bugun da ya fi wanda kamfani ya sa musu. Masu gyara suna kiransa obakulokin.

Me ya sa hakan ke yiwuwa?

Mun tambayi malam: in furosesa zai iya gudun da ya fi haka, me ya sa kamfani bai sa masa tun farko ba? Ya ce kamfani yana barin rata ne da gangan, domin abin da ya ƙera ya yi aiki lafiya shekara da shekaru, a ƙasa mai sanyi da mai zafi. Kuma ko a faifai ɗaya aka yanko su, furosesa biyu ba sa zama daidai. Wani na jure gudu, wani ba ya jurewa. Mai ƙure gudu yana cin wannan ratar ce. Shi ya sa lambar da ta yi wa wani aiki a bidiyo ba lallai ta yi wa naka ba.

Lissafin gudu

Ga ƙa'idar, kuma ba ta fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba:

Gudun furosesa = gudun tushe × maninki

A kwamfutocin yanzu gudun tushe yawanci 100 MHz ne. Mu ɗauki Core i5-2500K da ya fito a 2011. Maninkinsa 33 ne, saboda haka 100 × 33 = 3300 MHz, wato 3.3 GHz. Mutane da yawa sun ɗaga maninkin zuwa 45, suka sami 4.5 GHz.

Akwai wani misali da ya yi suna a 1998, Celeron 300A. Maninkinsa 4.5 a kulle yake, ba ya canzuwa, gudun tushensa kuma kusan 66 MHz. Sai mutane suka gano cewa in suka mayar da tushen 100 MHz, zai ba da 450 MHz maimakon 300. Ƙarin rabi ke nan, daga furosesa mai arha.

Amma mu duba ribar da kyau. Aikin da ke ɗaukar daƙiƙa 60 a 3.3 GHz zai ɗauki daƙiƙa 44 a 4.5 GHz, shi ma in furosesa kaɗai aikin ke jira. In hadis ne ke jan ƙafa, ko intanet ne ba ƙarfi, ba abin da zai canza.

Ƙure gudun RAM

RAM ma yana da nasa gudun. DDR3 da ke cikin tsofaffin kwamfutoci yawanci 1333 ne ko 1600, yana shan bolt 1.5. DDR4 yakan fara daga 2133 da bolt 1.2. Wannan lambar tana nufin sau miliyan nawa yake jigilar bayanai a daƙiƙa.

Wasu RAM ɗin suna zuwa da saitin gudu da kamfaninsu ya riga ya gwada ya ajiye a ciki. Na Intel sunansa XMP, na AMD da ya fito a 2022 sunansa EXPO. In aka kunna XMP a BIOS, DDR4 da ke tafiya a 2133 zai iya hawa 3200 da bolt 1.35. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, amma duk da haka ƙure gudu ne.

Haɗarin RAM a ɓoye yake. In ya fara kuskure, ba lallai kwamfuta ta mutu ba. Za ta ci gaba da aiki amma tana ɓata abin da ake ajiyewa kaɗan kaɗan, sai ranar da aka zo buɗe takarda a ga ta ƙi buɗuwa.

Aikin madabod

Fawa-fak yana aiko wa furosesa wuta mai bolt 12, shi kuwa furosesa abin da yake buƙata bai wuce bolt ɗaya da ɗan ɗori ba. A gefensa a kan madabod akwai wasu ƙananan sassa da ake kira VRM, su ke rage wutar, kamar yadda taransfomar unguwa ke rage wutar manyan wayoyi kafin ta shiga gidaje. Kuma kun san abin da ke samun taransfoma in an ɗora mata gidajen da suka fi ƙarfinta.

Ba kowane madabod ke yarda a canza maninki ba. A ɓangaren Intel, yawanci sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, da madabod mai harafin Z, kamar Z77 ko Z690. A ɓangaren AMD, yawancin Ryzen tun daga 2017 a buɗe suke, amma sai an haɗa su da madabod mai B ko X.

Nan ne muka sha mamaki. Mai gyara ya nuna mana kwamfutocin da ke jere a shagonsa, ya ce kusan dukkansu na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, an yi amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Irin waɗannan na HP da Dell da Lenovo an ƙera su ne don aikin ofis, kuma galibi BIOS ɗinsu ba shi da wurin canza maninki ko kaɗan. Da muka dawo, malam ya buɗe BIOS ɗin tamu a gabanmu. Muka duba shafi shafi, babu wurin. Furosesanta ma ba shi da K. Ashe duk musun da muka yi, a kan abin da ba zai yiwu a kwamfutarmu ba muka yi shi.

Zafi shi ne farashin

Gudu ba kyauta ba ne, da zafi ake biya. In aka ɗaga gudu, sau da yawa sai an ƙara boltej kafin furosesa ya tsaya daram. Wutar da yake sha tana hawa daidai da gudu, amma ta fuskar boltej sau biyu take hawa, wato boltej sau boltej.

Ga misali. An ƙara gudu da kashi 20 cikin 100, an ƙara boltej da kashi 10 cikin 100. Lissafin shi ne 1.2 × 1.1 × 1.1 = 1.452. Furosesa mai shan wat 65 zai koma shan kusan wat 94. Gudu ya ƙaru da kashi 20, zafi ya ƙaru da kashi 45.

Yawancin furosesa suna da iyaka wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. In sun kai nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, in abin ya ci gaba su kashe kwamfutar. Ka ga wanda ya je neman gudu ya dawo da tafiyar hawainiya. Boltej mai yawa kuma yana cinye ƙananan hanyoyin wuta da ke cikin furosesa a hankali, ya rage masa kwana. Garanti ma yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙure gudu ya jawo.

Har manyan kamfanoni zafi ya taka wa birki. A 2004 Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai 4 GHz, ya tsaya a 3.8. Daga 2005 Intel da AMD suka koma zuba ƙwaƙwalwa biyu ko fiye a cikin furosesa ɗaya, wato maimakon a matsa wa manomi ɗaya, sai a ƙaro manoma.

Akwai masu yin gasar ƙure gudu a duniya. A 2011 furosesan AMD FX ya kai 8.429 GHz, ya shiga littafin bajinta na Guinness. A Disamba 2022 aka haura 9 GHz da Core i9-13900K. Sai dai su ba fanka suke amfani da ita ba. Suna zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko ruwan hiliyam da ya fi shi sanyi, kuma na ɗan lokaci kaɗan ne. Ba kwamfutar da za a yi aikin yau da gobe da ita ba ce.

Mu a Kakuri fa?

Abubuwa uku ne suka sa lamarin ya fi mana haɗari. Na ɗaya zafin bazara. A watan Maris da Afrilu zafin Kaduna yakan haura digiri 35, kuma fanka iskar ɗaki take hura wa furosesa. In iskar kanta zafi ce, da me za ta sanyaya? Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga. Na uku wuta. Yau a kawo da ƙarfi, gobe a kawo rabi, jibi a koma janareta. Kwamfutar da aka riga aka kai ƙarshen ƙarfinta ba ta da sauran ratar jure wannan.

Ɗaya daga cikinmu ta ba mu labarin yayanta mai shagon buga takardu. Shi tasa kwamfutar haɗawa aka yi, tana yarda a canza maninki. Wani abokinsa ya ɗaga masa gudu da boltej a lokacin sanyi, ta yi ta aiki lafiya. Da bazara ta shigo, sai ta fara mutuwa da tsakar rana. Ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya, akwai takardun binciken wata ɗaliba a ciki, saura kwana biyu ta miƙa. An yi sa'a hadis ɗin bai lalace ba, an ciro aikin. Amma madabod ya tafi, shago ya yi sati a rufe, kuɗin makarantar ƙannensa biyu ya makara a wannan zangon.

Kakan wani ɗan ƙungiyarmu ya yi aiki a masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a nan Kakuri a 1957. Da jikansa ya yi masa bayanin darasin nan, sai ya yi dariya ya ce ai su sun san wannan tun kafin kwamfuta ta zo. In aka matsa wa injin saƙa, zare ne ke tsinkewa, kuma lokacin da za a ɓata wajen ɗaura shi ya fi wanda aka samu.

Yadda masana ke yi

Mun kawo wannan don ilimi ne, ba don wani ya je ya gwada a kwamfutar da ba tasa ba.

1. Su kan kwafe muhimman takardu zuwa filash ko wani wuri kafin komai.
2. Su duba sunan furosesa da madabod da manhajar CPU-Z, su auna zafi da HWMonitor.
3. Su rubuta saitin asali a takarda.
4. Su ƙara maninki da ɗaya tak, ba tare da taɓa boltej ba.
5. Su gwada furosesa da Prime95, RAM kuma da MemTest86, na tsawon sa'o'i, ido na kan zafi.
6. In kwamfuta ta daskare ko ta nuna shuɗin allo, su koma baya mataki ɗaya.
7. In ta ƙi tashi, su zare ta daga wuta, su cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna, BIOS ya koma yadda yake.

Abu ɗaya suke canzawa a lokaci ɗaya, domin in matsala ta zo su san daga ina take.

Abin da muka yi wa tamu

Da izinin shugaban makaranta, malam ya kai kwamfutarmu wajen mai gyara, mu uku muka raka shi. Da aka buɗe ta, ƙurar da ke ciki ta ba mu kunya. Muka ce: "Oga, ba za a ƙara mata gudu ba?" Ya ce: "Ƙannena, wannan numfashi take nema, ba bulala ba."

Ya hure ƙurar da bulowa. Ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ya ƙara RAM ɗaya irin na ciki, daga 4 GB ta koma 8 GB, ya ce in suka zama biyu iri ɗaya a ramukan da suka dace, hanya biyu bayanai ke bi maimakon ɗaya. Ya kuma kashe manhajojin da ke tashi da kansu in an kunna ta. Yanzu ba ta kai minti biyu ta buɗe, fankar ma ta daina ihu. Ya ce ranar da aka sami kuɗi a sa mata SSD a madadin hadis, domin shi ba shi da faifai mai juyawa, kuma shi ne zai fi kawo canjin da ido zai gani.

Sauran kwamfutoci biyar na nan suna jira. Ƙungiyarmu ta rubuta wa kwamitin iyaye da malamai takarda a kan haka. Kafin nan muna roƙon kowa ya riƙa rufe su da ƙyalle bayan an kashe, kada a jingina bayansu da bango, kada kuma a ci gyaɗa a kan madannai.

Gwada kanka

1. Gudun tushe 100 MHz ne, maninki 36. GHz nawa ke nan?
2. An ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, an ƙara boltej da kashi 10 cikin 100. Da kashi nawa shan wuta ya ƙaru?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa ƙure gudu ya fi haɗari a watan Afrilu fiye da watan Agusta.

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙofar laburare kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen mutum uku na farko da suka ci a fitowa ta gaba, kuma su za su fara zama a kan kwamfutar da aka gyara.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.

Daga 'yan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida